Kunkurun gida: A sake shi ya koma daji ko a ci gaba da riƙonsa?

A tsofaffin gidaje na ƙasar Hausa, ciki har da garuruwan noma na kudancin Katsina irin su Musawa, Matazu, Malumfashi da Funtuwa, ba baƙon abu ba ne a tarar da kunkuru yana jan jiki a tsakar gida. Wani an tsinto shi ne a gona lokacin huɗa, wani an sayo shi a kasuwa wurin masu saiwoyi, wani kuma gadonsa aka yi tare da gidan.

Dalilan ajiye shi suna da yawa. Akwai masu yi domin sha'awa, akwai masu yi domin yara, akwai kuma masu camfin cewa zamansa a gida yana kore sharri ko yana jawo tsawon rai.

Matsala takan taso ne daga baya. Kunkurun da aka kawo bai wuce tafin hannu ba ya girma ya fara haƙa rami a gindin katanga, yana cinye shukar bayan gida, yana ture randa. Ko kuma maigidan da ke kula da shi ya rasu, magada suka rasa mai ɗaukar nauyinsa. A shekarun nan da matsalar tsaro ta sa iyalai da dama barin ƙauyuka zuwa cikin gari, inda ake zaman haya a ɗaki ɗaya ko biyu, tambayar ta ƙara zama ta gaske: yaya za a yi da shi?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce a kai shi daji a sake shi, ai can ne gidansa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai abin da masana namun daji suka gano a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa sakin kunkurun da ya daɗe a hannun mutane yana iya zama ajalinsa, har ma ya zama ajalin 'yan uwansa da ke dajin.

Wane iri ne a hannunka?

Kafin maganar saki, sai an san ko wace dabba ce, domin sunan kunkuru ya haɗa halittu masu rayuwa daban.

Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma shi ne mafi girma a cikin waɗanda ba a tsibiri suke ba. Namijinsa kan wuce kilo 70, ƙoƙon bayansa kalar ƙasa ne, yana da wasu ƙaho-ƙaho a cinyoyinsa na baya. Asalin mazauninsa shi ne bakin hamada, daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da can ƙuryar arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Abincinsa ciyawa ne. Idan zafi ya tsananta yakan shige ramin da ya haƙa mai tsawon mitoci, ya zauna har yanayi ya sassauta. Shi ne aka fi gani a manyan gidaje da fadoji.

Na biyu ƙaramin kunkuru ne da manoma ke cin karo da shi da damina. Ana gane shi da wani gaɓi da ke bayan ƙoƙonsa, wanda yake lanƙwasawa ya rufe ƙafafunsa na baya idan ya tsorata. Shi ba ya girma sosai, kuma bayan ganye yana cin kwari, da dodon koɗi, da naman kaza.

Na uku ita ce kififiya, ta ruwa, da ake samu a kududdufai da fadamu da madatsun ruwa. Wadda aka fi sani tana lanƙwasa wuyanta gefe ne maimakon ta janye shi ciki, kuma idan ruwa ya ƙafe da rani takan binne kanta cikin taɓo har damina ta dawo.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce duba ƙafa. Ta ruwa tana da fata a tsakanin yatsunta da ƙoƙo mai faɗi. Na tudu ƙafarsa dunƙulalliya ce kamar ta giwa, bayansa kuma a tashe yake. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne: wanda ya jefa babban kunkurun tudu cikin dam da sunan ya ba shi 'yanci, nutsar da shi ya yi.

Dabbar da ke ƙarewa a daji, tana yawa a gidaje

Hujjar masu cewa a saki tana da ƙarfi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya babban kunkurun Sahel cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1996, sannan a 2021 ta ɗaga matsayinsa zuwa na waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. Dalilan da aka bayar sun haɗa da yawan kiwo da ke cinye ciyawar da yake dogaro da ita, da ƙona daji, da kwararowar hamada, da kuma kama shi domin sayarwa ko ci.

Tun shekarar 2000, yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji domin kasuwanci. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya, ta kuma kafa doka a 1985 kan cinikin dabbobin da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne jinkirin haihuwarsa. Macen takan yi ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, amma mafi yawan 'ya'yan ba sa kai labari, domin dila da tsuntsaye da sauran mafarauta. Wanda ya tsira kuma sai ya shafe sama da shekara 10 kafin ya isa haihuwa. Saboda haka duk babbar mace ɗaya da aka ɗauke daga daji, an ɗauke zuriyar shekaru masu yawa.

Kuma zamansa a daji yana da amfani ga ƙasa. Yana yaɗa irin ciyayi da itatuwa ta cikin kashinsa, ramukansa kuma suna zama mafaka ga ƙananan dabbobi lokacin zafi.

Idan haka ne, me zai hana kowa ya kwashi nasa ya mayar?

Abin da ya faru a Amurka

Amsa ta farko ita ce cuta. A hamadar Mojave da ke yammacin Amurka akwai wani kunkurun tudu da mutane suka daɗe suna ɗauka suna kai wa gida, idan sun gaji da shi su mayar. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara ganin na daji suna mutuwa da yawa, hancinsu na zubar da majina, idanunsu a kumbure. Bincike ya gano wata ƙwayar cutar numfashi mai suna Mycoplasma agassizii, kuma masana sun ɗora kaso na laifin yaɗuwarta a kan na gida da ake saki ba tare da gwaji ba. A 1990 gwamnatin ƙasar ta sanya kunkurun wannan yanki cikin dabbobin da doka ke karewa.

Abin tsoron shi ne kunkuru na iya ɗauke da irin wannan cuta tsawon lokaci ba tare da an ga alama a jikinsa ba. Wanda ya shekara 20 a tsakar gida yana cuɗanya da kaji da agwagwa da awaki, yana shan ruwan kwata, babu mai iya rantsuwa da ido kawai cewa lafiyarsa ƙalau.

Cutar kuma ba ta tsaya kan kunkuru ba. A 2000 Amurka ta hana shigo da wannan babban kunkurun Sahel da wasu nau'o'i biyu daga Afirka, bayan an samu kaska a jikinsu mai iya ɗaukar cutar da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu da tumaki da awaki. Ga yankin da dukiyar mutane ke kan dabbobi, wannan abin lura ne duk lokacin da za a ɗauki dabba daga wani wuri a kai ta wani.

Turai kuma ta ga wani nau'in ɓarnar. Wata kififiya mai jan tabo a gefen kai, 'yar asalin Amurka, an sayar da miliyoyinta a matsayin abin wasan yara. Da suka girma sai masu su suka riƙa zuba su a tafkuna, suka yaɗu suna ƙwace abinci da wurin shan hantsi daga na asalin wurin. A 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da ita, amma aikin gama ya riga ya gama.

Wane dajin za a kai shi?

Amsa ta biyu tana nan gida. Wanda ya san hanyar Musawa zuwa Malumfashi ya san cewa abin da ake kira daji a yau yawancinsa gonaki ne: masara, dawa, auduga, waken suya, gyaɗa. Da damina akwai garma da feshin maganin ciyawa. Da kaka ta wuce dabbobi za su shiga su share abin da ya rage. Da rani kuma ga wutar masu farautar gafiya da karnukansu.

Babban kunkuru ba ya gudu, ba ya kuma ɓuya a fili. Wanda ya saba da mutane ma ba ya tsoronsu, yakan nufo su ne yana jiran a ba shi abinci. Sakinsa a bayan gari kusan daidai yake da miƙa shi ga mutum na farko da zai wuce, ko dai ya koma wani gidan, ko kasuwa, ko tukunya.

Manyan dazuzzukan da suka rage a jihar, kamar dajin Rugu da ke yamma da dajin Kogo da ke kudu, wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin sababbin gandayen daji na ƙasa 10 da ta amince da su a 2020, sun daɗe suna fama da matsalar 'yan bindiga. Ba wuraren da mutum zai shiga da dabba a buhu ba ne, balle ya riƙa komawa yana duba halin da take ciki.

Sannan akwai batun yanayi. Babban kunkurun Sahel dabbar busasshiyar ƙasa ce mai yashi da ƙarancin ruwan sama, irin ta arewacin Maraɗi da Damagaram. Yankin Funtuwa ya fi can damshi nesa ba kusa ba. Wanda aka sayo a kasuwa kuwa ba a ma san daga inda aka kamo shi ba.

Ko da an dace da wuri mai kyau, kunkuru dabba ce mai riƙe taswirar mazauninta a ka. Ya san inda inuwa take, da inda ruwa ke taruwa, da inda raminsa yake. Idan aka ajiye shi a baƙon wuri yakan kama tafiya ba tsayawa yana neman inda ya sani, ya ratsa tituna, ya rame, zafin rana ya same shi ba shi da rami. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ga kuma illar zaman gida a jikinsa. Wanda aka raina da ragowar tuwo da shinkafa maimakon ciyawa yakan tashi da ƙoƙo mai tudu-tudu da ƙashi mara ƙwari. Wanda aka huda gefen ƙoƙonsa aka ɗaure da igiya yana ɗauke da rauni, domin ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, akwai jini da jijiyoyi a cikinsa, yana kuma jin zafi.

Yadda Senegal ta yi nata

Duk wannan ba ya nufin kunkurun gida ba zai taɓa komawa daji ba. An yi, kuma an yi nasara, amma ba aikin yini ɗaya ba ne.

A Senegal akwai wata cibiya a ƙauyen Noflaye, kusa da Dakar, da ake kira Ƙauyen Kunkuru. An kafa ta ne da haɗin gwiwar ƙungiyar SOPTOM ta Faransa da masana 'yan ƙasar, ciki har da Tomas Diagne, wanda ya yi suna a duniya kan kare kunkurayen Afirka. Cibiyar na karɓar waɗanda mutane suka gaji da riƙo ko hukuma ta ƙwace, tana duba lafiyarsu, tana raba marasa lafiya da masu lafiya.

A 2006 aka zaɓi guda 24 aka kai su yankin Katane da ke gandun dajin Ferlo a arewacin ƙasar, wato cikin asalin mazauninsu. Kafin nan sai da aka killace su, aka yi musu gwaje-gwaje, aka saba musu da abincin daji. An liƙa musu na'urar bibiya a baya, aka kuma shigar da makiyayan yankin cikin aikin domin su zama masu gadi. Shekaru aka yi ana bin sawunsu, kuma mafi yawansu sun rayu.

A ƙarshen 2022 ma an ɗauko ƙanana 46 a jirgi daga Monaco zuwa Senegal. Zuriya ce ta waɗanda tsohon shugaban Mali, Amadou Toumani Touré, ya bai wa Yarima Albert na Biyu kyauta. Su ma ba a wuce da su daji kai tsaye ba, sai da suka fara zaman killacewa a Noflaye.

Darasin a fili yake. Ana bukatar likitan dabbobi, da wurin da doka ke karewa, da yardar mutanen da ke zaune kusa, da kuɗin bibiya na shekaru. Haka ƙa'idojin da IUCN ta fitar a 2013 kan mayar da dabbobi daji suka tanada. Mutum ɗaya da babur da buhu ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Lokacin da saki ya fi

Akwai yanayin da mayarwa ita ce daidai, kuma cikin gaggawa. Idan yaro ya tsinto ƙaramin kunkuru a gona jiya ko shekaranjiya, ko masunci ya kamo kififiya a fadama, dabbar ba ta ji rauni ba, ba a kuma haɗa ta da wasu dabbobin gida ba, abin da ya fi shi ne a mayar da ita daidai inda aka ɗauko ta, da sanyin safiya ko na yamma, a ajiye ta ƙarƙashin wani duhuwa a tafi. Kada a ce za a nema mata wuri mafi kyau a wani gari.

Idan kuma a kan titi aka gan shi, taimakon da yake bukata shi ne a tsallakar da shi zuwa ɓangaren da ya nufa. Ba ɓata ya yi ba, ya san inda za shi.

Idan riƙon ya zama dole

Ga wanda nasa ya shekara da shekaru a gida, ko ba a san asalinsa ba, hanyoyi biyu suka rage.

Ta farko ita ce neman hannun da ya fi nasa. Ana iya tuntuɓar sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ko ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, domin neman shawara. Zariya na da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Kano kuma na da gidan zoo na Audu Bako. Ya kamata a fara tambaya ko suna da wurin karɓa kafin a ɗauki dabbar a kama hanya. Abin da bai kamata ba shi ne kai shi kasuwa, domin duk wanda aka saya, an ƙarfafa wa mai kamowa gwiwa ya koma ya nemo wani.

Ta biyu ita ce a riƙe shi riƙon kirki. Yana bukatar fili mai ƙasa inda zai yi tafiya ya kuma haƙa rami nesa da gindin gini, da inuwa, da rana, da ruwa a faffaɗan kasko mara zurfi. Abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, da ganyaye, ba tuwo da miya ba. A kwance igiya, a daina hudawa, a hana yara hawansa ko kifar da shi, domin idan ya kife a rana ya kasa juyawa zai iya mutuwa. Maza biyu manya ba sa zama wuri ɗaya lafiya, sukan yi karo har ɗaya ya kifar da ɗaya. Duk wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu, saboda kunkuru da kififiya na ɗauke da ƙwayar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara. Saboda ita ne ma Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiyu tun 1975.

A wajen malamai, ma'aunin da aka saba kawowa kan tsare dabba shi ne hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abincinta ba. Abin da ake fahimta daga nan shi ne wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin ci da sha da lafiyarta. Jefar da ita inda ba za ta iya rayuwa ba bai sauke wannan nauyi ba.

Nauyin kuma mai tsawo ne. Babban kunkurun Sahel kan wuce shekara 70. A watan Oktoban 2019, lokacin da Alagba, shahararren kunkurun fadar Soun na Ogbomoso a Jihar Oyo ya mutu, fadar ta ce shekarunsa 344, ko da yake masana sun nuna shakku a kan wannan adadi. Ko ba a kai can ba, dabba ce da ke iya binne wanda ya kawo ta gida, ta kuma ga jikokinsa. Ya dace iyali su san tun da wuri wanda zai gaji kula da ita, kamar yadda ake sanin wanda zai gaji gona.

Har yanzu hanyar da ta fi sauƙi ta taimakon kunkurun daji ba ta bukatar likita ko na'ura. Manomin da ya ci karo da shi a kunya ya ɗaga shi ya ajiye a gefen gona ya ci gaba da aikinsa, wanda kuma aka yi wa tallarsa a kasuwa ya ce ba ya saye.